Masu Tsawatarwa a Jinin Dogo

Litinin, 4 ga wata, bayan azahar

Likitar bincike ta kira Dogo da hantsi, ta ce gobe ya je, kuma ya je da wani nasa. Yana tsaye a bakin ƙofar kicin ya faɗa mini, yana kaɗa makullin shagonsa na kafinta a yatsa kamar maganar ba ta shafe shi ba. Na ce wani nasa ni ce. Matarsa Malama tana da aji, ƙanwarsa Auta tana da lacca a jami'a, ni kuwa ba ni da aikin da ya wuce ɗana.

Zan rubuta sunan abin sau ɗaya a nan, don kada wata rana a ce na ji tsoronsa. Ciwon daji ne, a hanta. Shi ya ɗauke mahaifinsu. Bara aka gano ƙarin a jikin Dogo tun yana ƙarami, aka yanke shi tare da wani sashe na hantar. Tun daga nan suke ɗibar jininsa lokaci-lokaci saboda wani bincike da ya sa hannu ya shiga. Ba su taɓa cewa ya zo da wani ba sai yau.

Na goge masa riga. Ko me za a faɗa wa mutum, kada a faɗa masa yana sanye da yamutsattsun kaya.

Talata, 5 ga wata, da yamma

Ofishin ƙarami ne, kujeru uku da fanka mai ƙara, sai hoton hanta a bango an rina ta ja kamar a wajen mahauci. Likitar ba ta fi sa'ar Dogo ba, amma ta iya gaisuwa, kuma ba ta taɓa wayarta ba har muka fito. Na yaba wa wadda ta raine ta.

Ta ce, “Mama, kin san jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana?”

Na ce, “Na yi sakandare, Likita. Na zana su da fensir, har da ɗigon tsakiya.”

Ta yi murmushi ta ce to aiki ya yi sauƙi. A ɗigon tsakiyar nan umarnin gado yake ajiye. Umarnin ba ya fita da kansa, kwafinsa ake aikawa kamar saƙo zuwa inda ƙwayar take ƙera furotin, wato kayan da jiki yake gini da aiki da su. To akwai wasu 'yan guntaye da ake kira maikiro-RNA. Su ba sa ƙera komai. Aikinsu su tare saƙo a hanya su manne masa, ko su rage masa ƙarfi ko su sa a lalata shi. Guda ɗaya yana iya tare saƙonni masu yawa.

Na ce, “Wato su ne masu cewa ya isa haka.”

Ta ce, “Kusan haka ne, Mama.”

Dogo ya ce, “Ashe Umma tana da dangi a cikin jini.”

Na harare shi. Asibiti ba wajen wasa ba ne.

Sai Likita ta zo kan maganar. A cikin masu tsawatarwar nan akwai wanda suka ba lamba ɗari da ashirin da biyu, shi gidansa hanta. A jinin mai lafiya kaɗan ake samu. Idan ƙwayoyin hanta suka ji rauni sai ya zubo cikin jini. Na Dogo ya tashi sosai, kuma sauran gwaje-gwajen hanta ma sun ɗan motsa.

Na ce, “Ya dawo ke nan?”

Ta ce, “Ban ce ba. Abin da jinin ya nuna shi ne wani abu yana yi wa hanta rauni. Bai faɗi ko mene ne ba. Kuma gwajin nan na bincike ne, ba ma yanke hukunci da shi kaɗai. Hoto ne zai raba gardama.”

Injin hoton yana da layi, sai ƙarshen wata. Ta juya wajen Dogo ta tambaye shi ko yana shan wani magani bayan wanda suka rubuta masa. Ya ce a'a. Ko yana aikin ƙarfi, tunda sun hana shi ɗaukar kaya mai nauyi. Ya ce a'a, zama kawai yake yi a shago yana karɓar masu kawo aiki, abokin aikinsa Gajere ne yake riƙe zarto. Ni ma na sa baki na ce ɗana ba ya ƙarya.

Muka shiga mota muka dawo gida. Ni ba tsoro nake ji ba.

Alhamis, 7 ga wata, da hantsi

Auta tana wanke kwanuka ina tsane shinkafa, na sa ta sake mini bayanin, tunda ilimin halittu take karanta kuma ba a banza ake tura ta ba. Ta ce an fara gano 'yan guntayen ne a jikin wata 'yar tsutsa da ido da ƙyar yake gani, kuma an daɗe ana ɗauka abin na tsutsa ne kawai, daga baya aka ga har a jikin mutum suna nan da yawa. Na ce haka Allah yake yi da masu girman kai, sai ya ajiye musu darasi a cikin tsutsa.

Ta ce a irin ƙarin da aka cire wa yayanta, sau da yawa mai lamba ɗari da ashirin da biyun nan raguwa yake yi a cikin ƙarin. Idan ya ragu, saƙonnin da yake dannewa sai su sami sake, ƙwayoyi su yi ta haihuwa ba mai ce musu su tsaya.

Na ce, “Kin ga gidan mai kantin kusurwa ke nan. Yara bakwai, ba mai ce wa ɗaya ya sauko daga katanga.”

Ta ce, “Umma, ba tarbiyya ake koya mana ba, kimiyya ce.”

Na ce, “Malamanku ne ba su lura ba.”

Na yi shekaru ana ce mini mafaɗaciya a gidan nan da wajensa. Yau ga shi likitoci da injinansu sun gano cewa ko hanta ba ta zama lafiya sai da mai tsawatarwa. Ban nemi kowa ya ba ni haƙuri ba, amma na ji daɗi.

Asabar, 9 ga wata, bayan la'asar

Dogo ya ce ba zai je hoton ba.

A falo ya faɗa, Malama tana gefe tana duba littattafan yaran ajinta, ba ta ɗago kai ba. Ya ce, “Umma, in ya dawo, me za su yi? Su sake yanka? Na ga yadda aka yi da Baba. Gara in zauna ban sani ba.”

Na ce, “Mahaifinka bai ƙi zuwa asibiti ba, makara ya yi. Kai kana so ka makara da gangan.”

Ya ce, “Jikina ne.”

Na ce, “Kafin ya zama naka a ina yake?”

Ya tashi ya shige ɗaki. Tun yana yaro bai taɓa barin wajen da nake magana ba sai na sallame shi. Na dubi Malama na ce ko ba ta da baki ne. Ta ce, “Umma, a bar shi ya huce.” Matan yanzu komai a bar shi ya huce. Har abinci ma sai ya huce suke kawowa.

Lahadi, 10 ga wata, da safe

Na share tsakar gida sau biyu. Ba datti.

Talata, 12 ga wata, bayan magariba

Yana fita da safe, yana dawowa da yamma, yana gaishe ni daga bakin ƙofa. Ina amsawa. Maganar hoto ba wanda ya sake tayar da ita, amma takardar ranar zuwa hoton tana manne a jikin firij inda na sa ta, kuma duk wanda zai sha ruwa a gidan nan sai ya gan ta.

Auta ta ce in daina zama a kujerar mahaifinsu. Ban san ina zama a kanta ba.

Laraba, 13 ga wata, da hantsi

Da hannun hagu ya ɗauki kofin shayi yau. Da ya ɗauka ba na kallo, sai ya kai hannu ya dafe kafaɗar dama yana matsawa.

Kafaɗar dama. Mahaifinsu ma daga nan ya fara kuka, kafin mu san komai.

Ni ba tsoro nake ji ba. Na ƙona miya, shi ke nan.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Alhamdu lillahi. Zan rubuta yadda aka yi daki-daki.

Na gaji da gaisuwar bakin ƙofa, na ce zan same shi a shago, inda ba shi da ɗakin da zai shige. Ban gaya wa kowa ba. Na sauka a bakin titi na bi layin masu walda a ƙafa. Tun daga nesa nake jin ƙarar injin goge katako. Ina shan kwana sai ga wata ƙatuwar wadrop ta ajiye tufafi tana fitowa daga shagon da ƙafafu huɗu. Biyu gajeru, biyu dogaye. Dogayen na san su, ni na koya musu tafiya.

Na tsaya ina kallo har suka ɗora ta a bayan mota. Gajere ne ya fara ganina. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

“Umma, sannu da zuwa. Ai yanzun nan ya ɗan taɓa mini, wallahi ɗan gefe kawai ya riƙe.”

Na ce, “Gajere, gefen ne ya zuba masa ƙurar katako har cikin kunne?”

Dogo yana tsaye cikin singileti, gumi ya jiƙa shi, tabon aikin da aka yi masa yana leƙowa ta ƙasan rigar. Rigar da na goge masa da safe tana rataye a ƙusa, tsaf, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ashe kullum haka ake yi. A shigo a rataye rigar Umma, a yi aiki, a wanke jiki a famfon baya, a mayar da riga a dawo gida a gaishe ni.

Na wuce su na shiga ciki. A kan bencin aiki, tsakanin gwangwanin gam da kwalin ƙusoshi, na ga magunguna. Farar ƙwaya a katinta, rabi an ɓalle. Wata kwalbar maganin mura mai ruwan hoda. Da wasu 'yan fakiti masu hoton mutum ya dafe baya, irin waɗanda ake zubawa a ruwa.

Na ce, “Na waye?”



Gajere ya ce, “Na fakitin nawa ne, Umma, ni nake ba shi. Yana da kyau sosai, ko ni in na sha sai in ji kamar in ɗaga motar nan.”

Na ce, “Allah ya sawwaƙe maka. A wace makaranta ka karanta likitanci?”

Ya ce, “Mai shagon magani ne ya ce...”

Na ce ya riƙe sauran. Na buɗe jaka na share komai a ciki, har kwalbar. Dogo ya ce, “Umma, kafaɗar ce take damuna, don in iya aiki ne kawai.” Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun watan jiya, da suka sauke wasu katakai ya ji ta amsa.

Katako ne ya taɓa kafaɗar. Katako. Na ce ya sa rigarsa mu tafi, kuma ya yi gaba ina binsa. Masu walda duk sun ajiye aiki suna kallo. Su kalla.

Juma'a, bayan magariba

Na zube su a kan tebur na kira Auta na ce ta karanta mini ƙananan rubutun da ke baya, don idona ba ya kama su. Ta ɗauki katin ta ce farasitamol. Ta ɗauki kwalbar ta ce akwai farasitamol a ciki. Ta ɗauki fakitin, ta daɗe tana dubawa, sannan ta dubi yayanta.

“Yaya, duk ukun abu ɗaya ne a ciki. Kala ne kawai ya bambanta.”

Ya ce, “Ina, wannan na mura ne, wannan na ciwon jiki, wannan na ciwon kai.”

Ta ce, “Kuma duk hanta ce take sarrafa shi. Taka da aka yanke.”

A nan Malama ta ajiye jan bironta ta ce ita ma tana ba shi biyu da safe biyu kafin ya kwanta, daga wanda take ajiyewa a jakarta. Ba ta san da na shago ba. Shi kuma Gajere bai san da na gida ba. Kowa yana taimako a ɓoye, kowa yana jin shi kaɗai ne mai tausayi.

Na ce mata, “Ashe kin san yana aiki.”

Ta ce, “Na sani, Umma.”

Na ce, “Kika zauna a gabana kina cewa a bar shi ya huce.”

Ta ce, “Umma, watanni na yi ina kallonsa yana zaune yana kallon bango. Abinci sai na roƙe shi. Ranar da ya dawo da ƙamshin katako a jikinsa, ranar ya cinye kwanonsa ya nemi ƙari. Na yi kuskure a maganin, wannan na yarda. Amma ban iya hana shi aikin ba.”

Dogo ya ce, “In ban riƙe zarto ba, Umma, ji nake kamar an riga an gama da ni, jira kawai ake yi.”

Abin da na ce shi ne ranar Litinin za mu koma wajen Likita, ni da shi da Malama, kuma da bakinsa zai gyara abin da ya faɗa mata. Ya yi ƙarya a gabana har na tsaya masa shaida. Wannan ba zan bar shi ya kwana a wuyana ba.

Na kulle magungunan a akwatina. Makullin yana jikina.

Asabar, 16 ga wata, da safe

Na yi waƙa ina shanya. Auta ta leƙo ta taga ta ce ko lafiya.

Litinin, 18 ga wata, bayan azahar

Na juye jakar a kan teburin Likita. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, ta tambaye shi nawa yake sha na kowanne a rana, tana rubutawa. Da Malama ta ƙara nata, Likita ta ajiye biron ta cire tabarau.

Ta ce, “Malam, na tambaye ka a ɗakin nan.”

Ya ce, “Kin tambaye ni, Likita. Kunya ce da tsoro.”

“Tsorona?”

Ya saci kallona. Ta gane, ta kawar da kai, na ga tana danne dariya. Ban ga abin dariya ba. Ɗan da yake shakkar uwarsa bai lalace ba, hanyar da ya bi da shakkar ce ta karkace.

Ta yi masa faɗa sosai, kuma na ji daɗin yadda ta iya shi, ba ɗaga murya ba zagi. Ta ce maganin ba mugu ba ne in an sha yadda aka ƙayyade, amma wanda aka taɓa masa hanta ba ya shan komai sai ya tambaya, balle ya haɗa huɗu. Ta ce irin wannan raunin yana sa mai lamba ɗari da ashirin da biyu ya zubo cikin jini da wuri, wani lokaci tun kafin sauran gwaje-gwaje su nuna sosai. Ta sa aka ɗebi jininsa nan take, ta ce ya daina shan komai, za a sake ɗiba nan gaba a ga ko ya sauka. Ta duba kafaɗar ta ce da alama tsoka ce, ta tura shi wajen masu gashin ƙashi da motsa jiki.

Na ce, “To mun kama ɓarawon ke nan.”

Ta ce, “Mama, kada ki yi saurin murna. Yana iya zama maganin ne kaɗai. Yana iya zama maganin da wani abu tare. Hoton yana nan daram.”

Na juya na dubi Dogo. Ya daɗe yana kallon hantar da ke bango.

Ya ce, “Likita, in hoton ya yi kyau, zan koma aiki?”

Ta ce, “Mai sauƙi, a hankali. Ba wadrop ba.”

Ya ce, “Umma fa?”

Na ce, “In Likita ta yarda, ni ba zan tare maka ƙofa ba. Amma a gabana za ka cire rigar, ba a ɓoye ba.”

Ya ce to zai je hoton.

Na shiga asibitin da ɗa mai taurin kai, na fita da wanda ya ce to. A bakin ƙofa na saya wa Malama ruwan sanyi. Ta karɓa da hannu biyu.

Laraba, 20 ga wata, da la'asar

Gajere ya zo gaisuwa da ledar lemo. Ya zauna a bakin kujera kamar za ta cije shi. Ya ce shi ma ya daina shan na fakitin, kuma ya gaya wa masu walda duka. Ya ce, “Umma, na ce musu akwai wasu 'yan sanda ƙanana a cikin hanta, in ka dame su sai su fito titi.” Auta ta ce ba haka ba ne sam. Na ce ta bar shi, ya fi wasu masu digiri kusa da gaskiya.

Na sa ya ci abinci kafin ya tafi. Wawa ne, amma ba mugu ba.

Juma'a, 22 ga wata, da hantsi

Dogo yana gida, yana gyara mini ƙafar kujera a zaune. Na yarda da wannan. An sake ɗibar jini jiya.

Tun da Likita ta ce “da wani abu tare” kalmomin suke bina daga ɗaki zuwa ɗaki. Na ce da kaina mace mai imani ba ta biye wa waswasi. Na faɗa, na sake faɗa.

Asabar, 23 ga wata, da yamma

Ba kira.

Litinin, 25 ga wata, bayan azahar

Ya sauka. Likita ta kira da kanta, Dogo ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Bai koma daidai ba tukuna, amma ya sauko ƙasa sosai, sauran gwaje-gwajen ma suna binsa. Ta ce alama ce mai kyau, hanta tana ɗinke kanta, masu tsawatarwar sun koma bakin aikinsu a ciki maimakon su zube a jini.

Malama ta rufe fuska da mayafi. Auta ta doki bayan yayanta ta ce, “Mai shan kala-kala.” Ya ce ta bari ya warke ta gani.

Na ce duk su natsu, Likita ta ce alama, ba ta ce hukunci ba. Sannan na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Na faɗa tun farko cewa akwai abin da ake ɓoye mini a gidan nan. To, ban faɗa da baki ba, amma na sani.

Laraba, 27 ga wata, da yamma

An yi hoton. Ɗakin sanyi kamar firij, aka sa shi cikin wata riga mai buɗaɗɗen baya, aka ce mu jira a waje. Benci mai tsawo, mutane a jere, kowa riƙe da takardarsa. Wata mata kusa da ni tana ta kuka a hankali, mijinta ne a ciki kafin Dogo. Na ce mata ta share fuska kada ya fito ya gan ta haka. Ta share. Sai na riƙe mata hannu, tunda ba abin da nake yi da nawa.

Mai ɗaukar hoton ya fito ban iya karanta komai a fuskarsa ba. An koya musu hakan, na sani. Sakamako sai jibi.

Alhamis, 28 ga wata, da safe

Ba zan rubuta komai yau ba.

Juma'a, 29 ga wata, bayan magariba

Babu komai. Hantar tas take, inda aka yanke ya cike, ba ƙari ba inuwar ƙari. Likita ta juyo mana da allon ta nuna da biro, ni ban ga komai ba sai toka-toka da baƙi, amma na ce ta sake nunawa, ta sake. Ta ce za a ci gaba da bibiya kamar da, ba a sallame shi ba, kuma jininsa na watan nan zai yi musu amfani a binciken, domin sun ga tashin abin da saukarsa da dalilinsa. Na ce su yi amfani da shi, ko ba komai taurin kansa ya amfani wani.

Dogo ya ce, “Likita, na gode.” Ni na ƙarasa masa godiyar, yadda ya kamata, har na sa wa iyayenta albarka.

Mun iso gida ana kiran sallar Juma'a. Na yi salla, na zauna a falo da niyyar in cire mayafi in ɗora tukunya. Abin da na sani ke nan.

Ni da nake cewa barcin rana na malalata ne, ban farka ba sai da rana ta yi ja a jikin labule. An lulluɓa mini zane a ƙafa, an kashe rediyo. Su ukun suna zaune a ƙasa kusa da ni, suna cin abinci a faranti ɗaya, suna magana da raɗa, ko cokali ba sa bari ya taɓa farantin.

Na ce, “Wa ya dafa?”

Malama ta ce, “Ni ce, Umma. Da zafinsa.”

Auta ta ce, “Umma, kin yi minshari.”

Na ce, “Ƙarya kike yi. Ban taɓa yi ba.”

Ta ce, “A tambayi Yaya.”

Na dubi Dogo. Ya haɗiye lomarsa, ya goge baki, ya gyara zama.

Ya ce, “Umma, ke kika hana ni ƙarya. Kin yi. Har Gajere ya zo ya ji daga bakin ƙofa ya koma.”

Na ce a zubo mini nawa.